Zancen Iyali: Bikin Ranar Haihuwar Matashi

A watan jiya 'yarmu ta fari ta cika shekara 16. Tun da sauran mako uku ta same mu bayan tuwon dare, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina so a yi mini bikin ranar haihuwa, amma mai jigo." Muka ce, mene ne kuma jigo? Ta ce ai abu guda ake zaɓa, sai tufafi da abinci da wasanni duka su bi shi. Wata ƙawarta ta yi nata, kowa ya zo da tufa mai ruwan hoda, har kek ɗin ma ruwan hoda ne.

Mu da muka tashi a ƙauye ba mu san wannan ba. Suna aka yi mana, shi ke nan. Da yawa cikin iyayenmu ma ba su san ranar da aka haife su ba, sai dai a ce shekarar yunwa, ko shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956. Al'adar baƙuwa ce. A Meziko shekara 15 ce babbar ranar 'ya mace, a Amurka kuwa 16. Amma baƙuntar abu ba ta sa ya zama mugu.

Waɗansu 'yan'uwa sukan ce mana bukukuwan ranar haihuwa biyu ne a Littafi Mai Tsarki, na Fir'auna a Farawa 40 da na Hirudus a Markus 6, dukansu kuwa da kisa suka ƙare. Gaskiya ne. Amma a duba na Hirudus da kyau. Alkawari ya yi a gaban baƙi, kunyar idon mutane ta hana shi janyewa, har kan Yohanna Mai Baftisma ya tafi. Kunyar idon mutane ita ce har yau take sa uba ya ci bashi domin hayar zaure da kujeru da mai kiɗa, alhali kuɗin makarantar ƙannen yarinyar yana jiransa.

Abin da ya fi damunmu shi ne anko. Mu malamai mukan ga sakamakonsa ran Litinin a aji. Bayan wancan biki mai ruwan hoda, wata yarinya a ajinmu ta yini ba ta ce uffan ba, sauran suna ta hirar hotuna. An gayyace ta. Ta ce musu zazzaɓi ne ya hana ta zuwa. Daga baya muka ji cewa uwarta, gwauruwa mai sayar da ƙosai, ba ta iya sayen yadin ba. Mai bikin ba ta nufe ta da sharri ba, ba ta ma sani ba. Amma jigon da zai sa baƙo ya je kasuwa kafin ya shigo gidanka ya riga ya zaɓe maka waɗanda za su zo.

Saboda haka muka yarda, da sharaɗi. Muka faɗa wa 'yarmu adadin kuɗin da muke iyawa, muka ba ta takarda da alƙalami ta tsara komai da kanta. Jigo nata ne, sai dai kada ya sa kowa sayen ko da ɗankwali. Kwana biyu tana fushi. A na uku ta zo da nata, wai "Gidan Kaka". Kowace yarinya ta ari zanen uwarta ko na kakarta, samari su ari hula. Tabarma maimakon kujera. Waina da miyar taushe, dambu, alkaki, zoɓo da kunun zaƙi a ƙwarya da ludayi. Kek dai ta ƙi bari, muka ƙyale ta. Da ta ga farashin shinkafar waina, ita da kanta ta rage baƙinta daga 30 zuwa 15.

An fara da ƙarfe uku aka tashi ƙarfe shida, domin kowa ya isa gida da sauran haske. Bayan addu'a muka koma ɗaki ni da uwarta, ƙofa a buɗe. Matashi ba ya sakewa in uba yana tsaye a kansa, amma bai kamata a bar musu gida su kaɗai ba. Mun kuma roƙe su kada a sa hoton kowa a WhatsApp sai an tambaye shi.

'Yan mata suka yi carafke da gaɗa, samari suka yi langa har wandon ɗaya ya yage. Kakarta ta ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta kuma kā da su duka a kacici-kacici. Kuskurenmu ɗaya, ba mu lissafa da yaran maƙwabta ba, kunu ya ƙare tun ƙarfe biyar. 'Yar mai ƙosai ta zo da wani tsohon saƙi na kakarta, shi aka fi ɗauka hoto. Yanzu ƙaninta mai shekara 13 ya fara tambaya ko za a yi nasa a kan ƙwallon ƙafa.