Kafin a sayo dabbar ƙasar waje, a ƙosar da kurarmu

Duk sanda aka tayar da zancen gyaran Gidan Zoo na Kano, sai ka ji wani ya ce a yi odar dabbobi daga ƙasashen waje, wai ta haka ne zai yi gogayya da na Landan. Ni dai ban ga hikimar hakan ba. Dabbar da ta saba da ƙanƙara, yaya za ta yi da zafin Kano na watan Afrilu, ga wutar lantarkin da ake kawowa a ɗauke?

Gwamna Audu Bako ne ya gina gidan a farkon shekarun 1970, lokacin wajen kusan daji ne. Yau gari ya kewaye shi, har titin ya ci sunan gidan. Ranar yawon Sallah ka je ka gani: yara sun sha sababbin kaya, 'yan mata hannu duk lalle, ana turereniya a bakin ƙofa. Kuma ba gun baƙuwar dabba suke cincirindo ba. Kejin kura suke nufa. Na taɓa tsayawa kusa da wata yarinya da ta ƙanƙame zanen kakarta, ta leƙa, ta toshe hanci saboda wari, sannan ta ce, "Kaka, wannan ce ta tatsuniyar? Ashe ƙafarta ta baya gajeriya ce!" Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye.

Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, waɗanda ke hannunmu mun iya riƙonsu? A 2019 zaki ya kuɓuce a gidan, ya kwana a wajen kejinsa yana cin awaki kafin a samu a mayar da shi. A shekarar ce kuma aka nemi kusan naira miliyan bakwai na cinikin Sallah aka rasa, aka yi ta yayata cewa goggon biri ne ya haɗiye, sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ma. A Jos kuwa, zakin da ya fita a 2015 harbe shi aka yi. Wanda bai iya da ɗan akuya ba, ba a ba shi kiwon doki.

Ga kuma namu na gida suna ƙarewa muna kallo. Yaushe rabonka da ganin angulu a mahauta? Gauraka, mai tukkun nan, ta yi wuyar gani a Najeriya. Giwayen Yankari sai raguwa suke. Amma dubi Nijar: raƙuman dawan Kure sun ragu zuwa kusan 50 a shekarun 1990, aka tsare su, manoman yankin suka ba da haɗin kai, yanzu sun haura 600. Irin wannan aiki ne gidan zoo zai iya sa hannu a ciki: kiwon barewa, gwanki, jimina da gauraka, da likitan dabbobi na dindindin, da kuɗin nama da ba ya makalewa a ofis.

Batun mayar da gidan Tiga da aka taɓa yi, shi ma ban goyi baya ba. Mai mota zai je. Amma magidancin da ke Sheka ko Gandu, mai 'ya'ya shida, da yake tasa su gaba su taka da ƙafa ranar Sallah, wa zai biya masa kuɗin motar zuwa Tiga da dawowa?