WASIƘAR BUNKURE: Sayen Kyamara Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filina na kullum, in amsa tambayar da samarin Bunkure da Kura su ke yawan kawo mini, da ya ke sun ga ni ke ɗaukar hotunan magudanan ruwa domin rahoton manoman rani. Tambayar ita ce, wace kyamara mutum zai fara saye, irin wadda a ke kira DSLR, in kuɗinsa kaɗan ne?

Maganar ba ta wasa ba ce. Kuɗin da yaro zai ɗauka zuwa birni na tumatir ne ko na shinkafa, wanda ya sha rana a bakin ruwan Tiga kafin ya samu. In ya zuba su inda bai kamata ba, sai baɗi.

Wanda hoton 'yan uwa kaɗai ya ke so, wayarsa ta ishe shi. Amma mai nufin neman abinci da ita wurin biki da suna, shi ne na ke yi wa magana. DSLR tana da madubi a ciki, mutum ya leƙa ya ga abin da gilashin gaba ke gani, farantinta mai kama haske kuwa ya fi na waya faɗi ƙwarai, shi ya sa ta ke jure duhun ɗaki. Batirinta kuma ba ya saurin ƙarewa. Kamfanin Nikon ya ce D3500 ta 2018 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji guda. Mu da wuta ba ta zama mana mun san amfanin wannan.

To, zamani ya yi wa talaka rana. A 2018 Canon da Nikon su ka fito da manyan kyamarori marasa madubi, masu hali su ka koma can, su ka riƙa sayar da tsofaffinsu. Saboda haka shawarata ita ce a sayi ta hannu. Canon 1100D da 600D na 2011, da 1200D ta 2014, da Nikon D3100 ta 2010, da D3200 ta 2012, duk sun isa aiki. Kada mai kanti ya ruɗe ka da yawan megafiksel. Ita 1100D 12 gare ta, amma hotonta ya kan cika takardar ofis sarai, babu dishi-dishi. Ni a ganina 600D ta fi dacewa da mai son haɗawa da bidiyo, gama allonta yana juyawa.

Ga wani tarko, jama'a. Ƙananan Nikon ɗin nan ba su da injin saita gilashi a jikinsu, sai gilashin da aka rubuta wa AF-S. In aka haɗa ka da tsohon gilashi mara wannan alama, da hannu za ka yi ta murɗawa, amarya ta wuce kana nan kana murɗi. Wanda aka rubuta wa AF-P kuma ba ya aiki da D3100 da D3200.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a jikin kyamara. Ka rage na batir na biyu, da memori, da jaka. Gilashin 18-55 da ta ke zuwa da shi ya isa farawa. In aiki ya kawo kuɗi, ka ƙara na 50mm f/1.8, wanda ke da araha, ya kuma fi kyau ga hoton fuska.

Ko a Sabon Gari ka same ta ko a titin Beirut, kada ka biya sai ka gwada. Ƙyauren da ke buɗewa duk sa'ad da aka ɗauki hoto yana da iyakar rai, na irin D3200 an gwada shi zuwa buɗi 100,000. Nikon tana rubuta wannan lissafi a cikin bayanin kowane hoto, ta Canon kuwa sai an jona ta da kwamfuta. Wadda ta ci fiye da rabi, a rage maka kuɗi ko ka bar musu abarsu. Sa'an nan ka sa ta a f/22, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗe hoton ka duba. Ɗigo-ɗigon ƙura ana sharewa, amma zane ko layi mai launi ba ya fita. Ka cire gilashin, ka haska shi da tocila. In ka ga abu kamar yanar gizo a ciki, fumfuna ce, ka ajiye. Ka tafi da memorinka, ka ɗauki hoto kamar ashirin a jere, ka ji ko tana sarƙewa. Mai kantin da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama.

In ta zo gida, ƙasarmu tana da abokan gābanta biyu. Da hunturu kada a canza gilashi a fili, balle a kan hanyar Kwanar Gafan lokacin da motocin tumatir ke tā da ƙura; a shiga ɗaki, a juya bakinta ƙasa. Da damina kuma, mu da ke zaune tsakanin fadamun shinkafa, a ajiye ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da a ke samu a kwalin takalmi, a kuma cire batir in za ta daɗe ba a taɓa ba.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Bunkure.