Kyauta ce, amma wani ne ya biya

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen kwamfuta, akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya.

Aikin digirina na biyu a kan neman kalma ne cikin rubutun Hausa. Na tara labarai na zuba su a PostgreSQL, manhajar rumbun bayanan nan da kusan kowa a ajinmu ke amfani da ita ba tare da ya biya ko sisi ba. Na nemi "ɗalibi", ba ta kawo min inda aka rubuta "ɗalibai" ba. Na nemi "gida", ta tsallake "gidaje". Da Turanci kuwa ba ta da wannan matsalar, ta san jam'i da tilo. Har Larabci da Tamil da harshen Nepal an ƙara mata a 2019. Hausa fa? Babu.

Da farko haushi na ji, wallahi. Sai wani abokina ya tambaye ni, to wa ka biya ya yi maka? Na yi shiru.

Mu a nan in an ce manhaja kyauta ce, sai mu ɗauka daga sama ta faɗo. Ba haka ba ne. PostgreSQL ta samo asali ne a 1986 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, aikin bincike ne ƙarƙashin Michael Stonebraker, kuma da kuɗin tallafi aka yi shi. Yau ma da yawa daga cikin manyan masu rubuta ta albashi suke karɓa a kamfanoni irin su EDB da Microsoft. SQLite da ke cikin wayar kowannenmu, kamfanoni ne ke biyan kuɗin tallafi don 'yan tsirarun masu kula da ita su ci gaba da aiki. Inda lissafin kuɗin ya ƙi fita kuma mun gani: MongoDB ta sauya lasisinta a 2018, Redis ta bi sahu a 2024.

Ma'ana, sabon abu yana shiga ne idan wani mai buƙatarsa ya biya, ko da kuɗinsa ko da lokacinsa. Wanda bai sa komai ba sai dai ya jira. Mu kuma jiran muke yi.

Ra'ayina shi ne jami'o'inmu su fara biya. Ba miliyoyin daloli nake nufi ba. A cikin tallafin binciken da TETFund ke bayarwa, ko shirye-shiryen NITDA, a ware wani abu a riƙe ɗalibi biyu ko uku na shekara guda, da masanin harshe a gefensu, su haɗa ƙamus da dokokin jam'in Hausa. PostgreSQL ta riga ta bar ƙofa a buɗe, tana karɓar ƙamus daga waje. Na Yarbanci da Ibo ma haka. A kuma lissafa wannan a matsayin aikin digiri, ba sai kundi mai bango baƙi da zai kwana yana shan ƙura a kanta ba.

Na san za a ce ana fama da wuta da kuɗin makaranta, wa ke ta manhaja? Gaskiya ne, ni ma da kuɗin aljihuna nake sayen data. Amma kowace shekara ɗalibai nawa ne ke rubuta manhajar rajistar ɗalibai iri ɗaya, a ba su maki, a watsar? Wahalar muna sha dama, sai dai a inda ba ta amfanar kowa.

Ni dai na fara tara jam'in sunaye, da daddare in an kawo wuta. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wanda ke sashen Hausa ko kwamfuta kuma yana da sha'awa, ya yi min magana. Masu ganin na yi kuskure ma ku faɗa, ina sauraro.