Girman Allo Ba Ya Koyar da Injiniya

A duk lokacin da kuɗin sayen kayan ɗakin gwaji suka iso wata makarantar kimiyya, wata tsohuwar ɗabi'a takan ɗago kai: a nemi na'urar da ta fi kowacce girma da tsada, a ɗauke ta hoto, a kulle ta a kabad. A fannin allunan FPGA wannan ɗabi'a asara ce tsagwaronta, kuma ɗalibin da ya taso daga Tsafe ko Bunguɗu domin koyon injiniyanci shi ke biyan kuɗinta.

FPGA guntun lantarki ne wanda ake tsara kewayen cikinsa da rubutu, a goge a sake tsarawa. Kamfanin Xilinx ya fitar da na farko a 1985. A yau ɗalibi zai iya gina kwamfuta sukutum a cikinsa, da firosesa da ma'adana da hanyoyin sadarwa, abin da ake kira SoC. Abin tambaya shi ne wane allo ya dace da aikin.

Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Firosesar PicoRV32, wadda aka gina bisa tsarin RISC-V da aka soma a Jami'ar Berkeley a 2010, ba ta cin fiye da ƙwayoyin lissafi 2,000 a guntayen Xilinx. Ƙaramin guntun iCE40 UP5K yana da 5,280, wato ya ɗauke ta har da saura. Allon Basys 3 yana da 33,280. Wanda ya sayo allo mai ƙwayoyi miliyan domin irin wannan darasi ya yi hayar tirela ne don ɗaukar buhun gero ɗaya.

Asarar ba ta tsaya ga farashi ba. Manhajar Vivado ta kyauta ƙanana da matsakaitan guntaye take yi wa aiki. Manyan kuwa sai an biya lasisi da dala, ga shi darajar naira ta faɗi ƙwarai tun daga Yunin 2023. Babban tsari yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma harhaɗa shi kan ci sa'o'i. Duk wanda ke zaune a Sabon Garin Gusau ya san wuta ba ta yi wa kowa alkawarin sa'o'i a jere. Mafi muni, allo mai tsada guda ɗaya ake iya saya, kuma babu malamin da zai yarda ɗalibi ya taɓa shi. Kuɗinsa da sun sayi ƙananan alluna da yawa, kowane rukunin ɗalibai da nasa, su jona, su yi kuskure, su gyara.

Masu goyon bayan babban allo suna da hujja guda mai nauyi: aiki yakan girma, kuma araha ba ta ado. Gaskiya ne. Basys 3 ba shi da ma'adanar DDR, saboda haka mai son tayar da Linux ya yi kuskure idan ya saye shi. Amma maganin wannan shi ne matsakaicin allo. Arty A7-100T yana da ƙwayoyi 101,440 da ma'adana megabait 256. DE10-Nano na kamfanin Terasic yana ɗauke da firosesar ARM mai ƙwaƙwalwa biyu a jikin guntun, tare da ma'adana gigabait 1. Waɗannan sun wadatar da mafi yawan ayyukan digirin farko da na biyu.

Ƙa'idar da ta kamata a bi mai sauƙi ce. A rubuta tsarin tukuna, a harhaɗa shi a kwamfuta, domin manhajar tana bayar da rahoton ƙwayoyi da ma'adanar da ya ci tun ba a sayi komai ba. A zaɓi allon da zai bar kimanin kashi ɗaya bisa uku a sarari, saboda guntun da ya cika maƙil yana wahalar shimfiɗa hanyoyi. A duba yawan ƙafafunsa da mashigansa. Idan kuma aikin kunna famfon rijiyar burtsatse mai sola ne kawai, ƙaramar na'ura irin Arduino ta isa, FPGA ba shi da gurbi a nan.

Zamfara tana da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Kuɗin da TETFund ke bai wa irin waɗannan makarantu ba su da yawan da za a yi ado da su. Ya kamata kowane kwamitin sayen kaya ya gindaya sharaɗi ɗaya: ba za a amince da takardar neman allo ba sai an haɗo ta da rahoton da ya nuna girman aikin, da kuma adadin ɗaliban da za su riƙe allon da hannunsu.