Hoton Ruwa Mai Gudu: Auduga Ko Ambaliya?

A wannan mako wani ɗan kasuwa daga Tawa ne ya aiko mana da tambaya. Ya ce a kantinsa akwai kalanda mai hoton wata magangarar ruwa, ruwan yana zubowa daga kan dutse fari fat kamar an shimfiɗa sawayen auduga, kuma shi da maƙwabcinsa sun kwana biyu suna gardama: maƙwabcin ya ce zane ne, shi kuwa ya ce hoto ne. To, Alhaji, kai ne da gaskiya, hoto ne. Amma maƙwabcinka ma bai ɓata ƙwarai ba, don babu idon ɗan Adam da ya taɓa ganin ruwa a wannan kama.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace kamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya rufe idan an danna, kuma tsawon lokacin da ya yi a buɗe shi ne ke yanke yadda abu mai motsi zai fito. In ya buɗe kashi ɗaya cikin 1000 na sakan, ruwan zai daskare, ka ga kowane ɗigo a tsaye cikin iska kamar tsakuwa. In ya yi kashi ɗaya cikin 60, hoton zai yi kusa da abin da ido ke gani. Daga kashi ɗaya cikin 15 ruwan ya fara jan zare. In aka kai rabin sakan ko sakan biyu, kowane ɗigo ya riga ya yi tafiya mai nisa ƙyauren yana buɗe, sai sawunsu duka su haɗu su zama audugar nan ta kalandar Alhaji. Dutse kuwa, da yake bai motsa ba, sai ya fito sarai.

Wahalar da ke gare mu a nan ƙasar ita ce rana. Da tsakar rana, in an sa ƙarfin jin haske a ISO 100, an kuma matse ƙofar haske zuwa f/16, abin da kamara ke bukata bai wuce kashi ɗaya cikin 125 na sakan ba. Wanda ya bar ƙyaure a buɗe sakan guda a wannan hali ya zuba haske ninki 125 na abin da ake so, hoton kuwa zai fito farar takarda. Dabarar masu sana'a ita ce wani baƙin gilashi da ake ɗaurawa a bakin kamara, ana kiransa ND. Mai lamba 64 yana rage haske sau 64. In aka haɗa shi da f/22, an samu sakan guda ke nan. Mai lamba 1000 yana kai mutum wajen sakan 8. Wanda ba shi da kuɗin gilashi, sai ya yi sammako bayan sallar asuba, ko ya jira gab da magariba, ko ranar da hadari ya rufe sama. Wannan ba ta cin ko dala.

Sharaɗi na biyu, kada kamara ta motsa ko kaɗan. Hannun mutum ba ya iya wannan, komi ƙarfin zuciyarsa. In akwai sandar nan mai ƙafa uku, madalla. In babu, a cika ɗan buhu da gero ko rairayi a ɗora kamara a kai, ni kaina na fi shekara goma da wannan buhu. Kuma kada a danna da yatsa, a sa agogon kamara ya jira sakan biyu ya ɗauka da kansa. Masu salula ma ba a bar su baya ba, da yawa cikin wayoyin yanzu suna da wurin da mutum ke zaɓen lokacin da hannunsa.

Ina za a samu ruwan? Magangarun gaske ba su da yawa gare mu. Akwai ta Timiya a cikin duwatsun Abzin, akwai ta Kudu a kan kogin Mekuru cikin gandun dajin W, wajen iyakar Benin da Burkina, sai dai rashin tsaro ya sa hanyar can ba ta biyuwa yadda aka saba. Fatakenmu masu shiga Najeriya sun san Gurara, tsakanin Suleja da Minna, mai tsayin mita 30 ko kusa da haka. Amma ba sai an yi doguwar tafiya ba. Gulbin Maraɗi in ya kawo da damina ya isa, haka ƙoramun Adar. Mutanen Yamai kuwa kogi yana cika musu sau biyu: jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda su Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa da laka, sannan ruwan da ke tasowa daga Gine, wanda ba ya isowa sosai sai wajen Disamba da Janairu, ya fi kuma tsabta. Kada dai mutum ya sa ran auduga daga ruwan damina, namu in an ja masa lokaci kamar kunu yake fitowa, kuma ni dai ina ganin wannan launi ya fi farin kalanda daɗin kallo. Kan gadar Kenedi ba wurin wannan aiki ba ne, manyan motoci suna girgiza ta, kuma ba a ɗaukar hoton gada sai an nemi izinin jami'an tsaro.

Yanzu ga abin da ya sa na tsawaita a kan tambayar Alhaji. Wannan dabara ba ƙawata ruwa kaɗai take yi ba, tana shafe duk wani abu mai motsi. Tun farkon sana'ar aka gane haka. A 1838 Bafaranshen nan Louis Daguerre ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple a birnin Pari. Titi ne mai cike da mutane da kekunan doki, amma da yake ɗaukar ta ci mintoci, sai hoton ya fito wayam kamar garin da aka yi wa ƙaura. Wanda ya fito shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, don shi bai gusa ba.

A daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi, ya kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, wani ɗan'uwana mai garka a bakin gulbi ya kira ni in ɗaukar masa hoton abin da ruwa ya yi masa, don ya haɗa da takardar neman taimako. Na iso da yamma, haske ya yi sanyi, sai son sana'a ya rinjaye ni, na ɗora kamara a kan buhuna na ba ta sakan huɗu. Ruwan da ke tafe da rassan itace da kwanon rufi da mushen akuya, yana ruri har ba ka jin maganar na kusa da kai, sai ga shi a hoto lumui, kwance kamar shimfiɗar amarya. Rassan sun ɓace, akuyar ta ɓace. Ma'aikacin da aka kai wa takardar ya duba ya ce: "Malam, wannan ai hoton kalanda ne, ina ɓarnar?" Ban ga laifinsa ba. Kafin in koma ruwa ya janye, sai laka da shatar da ya bari a jikin katanga muka ɗauka, takardar kuma ta yi makonni tana jira.

Don haka ma'aikatan da ake aikawa duba ɓarna, na gidan gona ne ko na ma'aikatar magajin gari, da ƴan kasuwar da ruwa ya shiga ɗakin ajiyarsu, in hoton shaida ake so, a sa kashi ɗaya cikin 500 ko fiye da haka sauri. A sa wani abu da kowa ya san tsayinsa a cikin hoton, ƙofa ko turken lantarki ko tayar mota, a kuma tabbata kwanan watan da ke cikin kamara daidai yake. In an gama wannan, sai a ɗauki na ado.

Kuma don Allah kada a kafa kamara a cikin ƙorama don an ga ta bushe ko ruwanta bai kai idon sawu ba. Ruwan da aka yi a wani gari mai nisa yana iya isowa alhali samanka garau take, mai hoto kuwa idonsa na cikin kamara, bayansa ya ba ruwa. A tsaya a kan tudu, a kuma tafi da yaro mai duba gabas da yamma.

Alhaji na Tawa, a gaida maƙwabci. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wa wata malama daga Tasawa da ke tambayar abin da ke sa fuskokin mutane su yi duhu a hoton biki.