Gwanin Dei-Dei da Tulun Ladi Kwali

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kubwa zuwa Zuba ya san Dei-Dei, ko da bai taɓa sauka ba. Ga kasuwar kayan gini, ga kara inda a ke cinikin dabbobi, ga kuma kasuwar katako wadda ƙarar injin zarto ba ta yankewa cikinta tun hantsi har faɗuwar rana. Gefen wannan kasuwa akwai kafintoci da masu sassaƙa, waɗanda da yawa daga ƙofofi da gadaje da kujerun gidajen Abuja suka fito daga hannunsu. Cikinsu akwai gwanaye na haƙiƙa, irin waɗanda in sun dubi gungumen maɗaci sun riga sun ga abin da ke kwance cikinsa.

Amma jama'a, a tsaya a dubi yadda irin wannan gwani ke wuni. Mai saye ya zo da hoto cikin wayarsa, ya ce ga abin da ya ke so, kada a ƙara, kada a rage. A yi ta ja-in-ja kan kuɗi, ya ba da ɗan kafin alƙalami, sa'an nan ya shiga bugo waya safe da yamma. In an gama, karɓar ciko ya zama wani aikin dabam. Farashin katako ya tashi tsakanin ranar ciniki da ranar sallama, asarar kuwa a wuyan mai aiki ta ke. Ko sunansa ba ya kan abin da ya yi. A watan Mayu na 2022 kuma, rikici ya ɓarke tsakanin masu acaɓa da 'yan kasuwa bayan rasuwar wata mata a hatsari, aka yi asarar rayuka, wuta ta cinye wani sashe na kasuwar katako, har Ministan Babban Birnin Tarayya na lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya ba da umurni a rufe kasuwar. An yi ta lissafin dukiyar da ta ƙone. Halin da zuciyar mai sana'a ke shiga bayan irin wannan, ba safai a ke lissafa shi ba.

To, alhali sana'ar hannu daga zuciya ta ke fitowa. Mutum yana iya ɗaukar bulo ransa a ɓace, bulon ya isa inda za shi. Zane a jikin ƙofa ba haka ya ke ba. Ran da mai sassaƙa ya daina jin daɗin aikinsa, hannunsa zai ci gaba da motsi bisa ga sabo, amma sabon abu ba zai ƙara fita daga gare shi ba, kuma mai ido yana gane haka.

Misalin da ya kamata a duba ba shi da nisa. Daga Dei-Dei, in an wuce Zuba da Dutsen Zuma, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, sai ga Suleja, garin da a da shi ne Abuja, kafin ya bar wa sabon Babban Birni sunan. Nan ne Ladi Kwali ta yi aiki shekara talatin.

An haifi Ladi wajen 1925 a Kwali, cikin Gbagyi, watau Gwarawa, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. A wurin gwaggonta ta koya. Yadda su ke gini shi ne, a aje curin yumɓu wuri guda, maginiya ta riƙa kewaya shi tana jan bangon tukunya sama, tana ƙara nadin yumɓu, har tulu ya tashi. Sa'an nan ta zana masa kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi da tsuntsu. Tun kafin wani Bature ya san da ita, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau ya riga ya tara tulunanta a fadarsa, don kyaunsu kawai. Wannan abin lura ne: yabo na farko daga gida ya zo.

A fadar ne Michael Cardew ya gan su a 1950. Shi kansa Cardew ya ɗanɗani baƙin cikin sana'a. Ya tafi ƙasar da a yanzu a ke kira Ghana a 1942, masana'antar da aka ba shi a Alajo ta rushe, ya sake gwadawa a Vume, ciwo da asara suka mai da shi Ingila a 1948. Da ya zo Nijeriya a matsayin jami'in Gwamnati mai kula da ginin tukwane, sai ya zaɓi Abuja, aka buɗe makarantar koyar da sana'ar a 1952. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari.

Abin da ya faru cikin wannan makaranta shi ne cibiyar magana. An koya mata gini da faifan juyi irin na Turawa, ta iya, ta yi kwanoni da butoci da kofuna. Amma ba a ce ta bar nata ba. Ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, tana kewayawa kamar yadda gwaggonta ta nuna mata, da zanenta na gida, sai dai a shafa musu ruwan ƙyalli a gasa cikin tanderu mai tsananin zafi. Watau cikin aikin da a ke biyanta, an bar mata fili inda ita ce mai iko. Wurin kuma na Gwamnati ne, saboda haka tuwon dare bai rataya ga ko an sayi tulu yau ko ba a saya ba. Ba kuma ita kaɗai ta ke zaune ba. Akwai magina daga garuruwa dabam dabam, daga baya kuma mata suka biyo sawunta, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto da Kande Ushafa. Kowane magini yana da hatiminsa da ya ke bugawa a gindin abin da ya gina. Nata haruffa biyu ne, LK, ita da ba ta yi karatun boko ba.

Kada a raina wannan hatimi. Shi ya sa yau a gidajen adana kayan tarihi na Ingila da Amurka a ke ɗaukar tulu a ce wannan na Ladi ne. Mai aikin da ya san za a kira sunansa bisa aikinsa, ba irin barcinsa ɗaya da wanda gumi nasa, suna na wani ba.

An nuna kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ta je Turai ta yi gini gaban jama'a, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Waɗanda suka kalle ta sun riƙa ba da labarin sakin fuskarta da raha da ta ke yi da 'yan kallo tana cikin aiki, ko da ya ke ba harshe guda su ke ji ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, aka ba ta lambar yabo ta ƙasa kan gwaninta a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Ba za a ce ba a yi hasarar kome ba. Tulun gargajiya da a ke gasawa da ciyawa da itace yana tsatsafo, shi ya sa ya ke sanyaya ruwa. Wanda aka shafa wa ƙyalli ba ya tsatsafo, ga nauyi, ba macen da za ta ɗauke shi zuwa rafi. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo, masu sayensa kuma mafi yawa baƙi ne. Wannan ya sa makarantar ta dogara ga Gwamnati da kasuwar waje, da suka ja baya kuwa ita ma ta ja baya. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya riƙe wurin har 1972. Daga baya an sa wa makarantar sunan Ladi, amma suna bai hana ta lalacewa ba, 'yan jarida sun sha zuwa su tarar da ita kamar kufai.

Saboda haka kafintan Dei-Dei kada ya zauna jiran Gwamnati ta gina masa irin wannan makaranta. Sai dai yawancin abin da ya riƙe Ladi ba ya bukatar Minista. Ƙungiyoyin kasuwa da ke karɓar kuɗin wata-wata suna iya tsai da ƙa'ida kan kafin alƙalami da ranar biyan ciko, domin rabin ɓacin ran mai sana'a daga bin bashi ya ke. Adashi da asusun taimakon wanda gobara ko ciwo ya kayar abubuwa ne da Bahaushe ya sani tun kaka da kakanni. Maigidan shago yana iya barin yaransa su huta yini guda cikin mako, ya kuma bar musu guntayen katako su ƙera abin da ransu ke so, ba don wani ya yi oda ba. Yaron da bai taɓa yin wasa da katako ba, kwaikwayo kaɗai zai iya har tsufansa. Hatimi kuwa, maƙeri zai yi shi a kan kuɗi kaɗan, a ɗora a wuta a manna a bayan ƙofa.

Masu saye su ma da nasu. Alhajin da ya kai baƙi falonsa suka yaba kujera, ba abin da zai ragu gare shi in ya faɗi sunan wanda ya yi ta da inda shagonsa ya ke. In kuma zai kai sabon aiki, ya gwada aje wayar a aljihu, ya gaya wa kafinta faɗin ɗakin da abin da ya ke iya biya, ya tambaye shi abin da shi ya gani.