Sai An Gyara Mudu Kafin A Fara Awo

Jarrabawa mudu ce. Da ita jami'a ta ke auna ilmin ɗalibi ta ba shi takardar shaida, jama'a kuwa su amince su miƙa masa marasa lafiyarsu, ko 'ya'yansu, ko shari'arsu. To, ga shi jami'o'in ƙasar nan suna ta sake wannan mudu, suna barin takarda da alƙalami suna komawa ga kwamfuta. Ya kamata mu duba al'amarin da idon basira, gama in mudu ya karkace, ba mai saye kaɗai ke cutuwa ba, duk kasuwar ce ta lalace.

Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibai sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan. Akwai darussan da tilas kowane ɗan aji ɗaya ya ɗauka, kamar Turanci, inda za ka tarar da ɗalibai dubbai a hannun malamai 'yan ƙalilan. Kafin a gama duba takardunsu sai an yi watanni, wata takarda ta ɓace, wani maki ya sauya a hanya. Kwamfuta kuwa ba ta gajiya, ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar toshiyar baki. Tana kuma yamutsa tambayoyi, har tambayarka ta fari ta zama ta talatin ga wanda ke zaune kusa da kai. Wannan amfani ne babba, ba mai musunsa.

Amma fa jarrabawar nan iri biyu ce, kada a haɗa su. Akwai wadda a ke tara ɗalibai a zaure guda, kowa da kwamfutarsa, masu tsaro na kai da kawowa. Akwai kuma wadda ɗalibi ke yi daga ɗakinsa ta intanet. Ta biyun nan ta yaɗu ne a 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jami'o'i da yawa a Ingila da Amurka suka koma gare ta, wasu har suna leƙen ɗalibi ta kyamarar kwamfutarsa. Tun a lokacin aka yi ta kukan satar amsa. Da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, yana rubuta amsa cikin ƙiftawar ido, sai jami'o'i da dama suka fara mai da ɗalibansu zaure. In waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa sun ja da baya, ina ga mu? Ɗalibin da ya koma ƙauye hutu, wanda sai ya je kasuwa ya biya kafin ya yi cajin wayarsa, in aka ce ya yi jarrabawa daga gida, ba ilminsa aka auna ba, talaucinsa aka auna.

Ko ta zauren ma tana da nata haɗari, mun kuwa ga aya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin shirya jarrabawar shiga jami'a, ta fara gwada kwamfuta a 2013, ta bar takarda ɗungum a 2015. Ba wata hukuma a Nijeriya da ta kai ta sanin wannan aiki. Duk da haka, a 2025, bayan sakamako ya fito jama'a suka yi ta ƙorafi, shugabanta Farfesa Is-haq Oloyede ya fito ran 14 ga Mayu, yana hawaye, ya amsa cewa an yi kuskure. Wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawa bai isa wasu cibiyoyi yadda ya kamata ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa a Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, yara 379,997 aka ce su sake zama. Ya cancanci yabo da ya faɗi gaskiya. Amma darasin shi ne, kuskuren malami ɗaya a takarda aji ɗaya ya ke ci, kuskuren na'ura kuwa gari guda ya ke kwashewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka duk jami'ar da za ta ɗauki wannan hanya, lalle ta tanadi abu huɗu tun kafin ranar. Na fari, tambayoyi masu yawa da malamai suka zauna tare suka tace, domin tambayar da aka tsara da ganganci, ko an sa ta cikin na'ura, tana nan da gurguntarta. Na biyu, a koya wa ɗalibai. A rangadin makarantu na sha tarar da yara masu hazaƙa a ajin ƙarshe waɗanda ba su taɓa ɗora yatsa bisa kwamfuta ba. Irin wannan yaro, in ya shiga zaure, rabin lokacinsa zai ƙare wajen kokawa da na'ura. A yi masa jarrabawar gwaji tukuna, ba sau ɗaya ba. Na uku, wuta: janareta ko hasken rana a ajiye, da kwamfutoci na ko-ta-kwana, a kuma tabbata na'ura na adana kowace amsa nan take, yadda in wuta ta ɗauke yaro zai ci gaba daga inda ya tsaya. Na huɗu, a buɗe ƙofar ƙara. Ɗalibin da ya ga an kware shi ya sami ikon a fito da amsoshinsa mutum ya duba. Kada a sallame shi da cewa na'ura ba ta kuskure.

Saura abu guda, shi ne mafi girma. Abin da kwamfuta ta fi iya dubawa shi ne tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu. Wannan na nuna abin da ɗalibi ya haddace, amma ba ya nuna ko ya iya jera hujja, ko ya rubuta shafi guda mai ma'ana. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, watau NOUN, ta bi tsari mai kyau a nan, ta sa 'yan aji ɗaya da na biyu su yi ta kwamfuta, manyan azuzuwa kuwa su riƙe alƙalami. Lauya ko malamin makaranta da ya fita jami'a bai taɓa rubuta doguwar amsa ba, jama'a ce za ta biya bashin.

Ba mu ce a guji kwamfuta ba, zamani riga ne. Abin da mu ke roƙon shugabannin jami'o'i shi ne, kada sauƙin duba takardu ya rufe musu ido. A gyara mudu tukuna, sa'an nan a fara awo. Allah ya sa mu gane, amin.